RATSEN WUTA: DARASI DAGA KAN JIRGIN WASA A GAFASA



Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka yi mamaki, suka ce me ya haɗa malamin Hausa da wayar lantarki, balle kuma jirgin wasan yara. Amsar ita ce wani abu ya faru a gabana a garin Gafasa, cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi, wanda tun daga ranar nake juya shi a zuciya. Na sayo wa ɗan wana sabon kan jirgin ƙasa na wasa, irin mai tafiya da lantarki, muka ɗora shi a kan dogonsa ya ƙi motsi. Kafin mu gano laifin sai da muka yi yini guda, kuma saura kaɗan mu ƙone kayan gaba ɗaya. Hanyar da muka bi muka gano shi ita ce nake so in shimfiɗa muku yau, domin cutar da ta kama wannan ɗan jirgi ita ce dai ke ƙona rumfuna a kasuwa, ita ce kuma ke sa a jingine na'urori masu tsada a ofis ana cewa sun mutu.

Jirgin Ƙasa, Babba da Ƙarami

Bahaushe ya san jirgin ƙasa fiye da shekara ɗari. Dogon da aka shimfiɗo daga Baro ya iso Kano a 1911, sa'an nan a 1930 aka kai reshe har Nguru, wanda ya bi ta Ringim da Malam Madori, arewa da ƙasar Gaya da Ajingi. Daga wannan zama tare muka sami kalmomi irin su reluwe da tasha da tarago da kan jirgi da layin dogo. Faɗin tsohon layin, watau tazarar da ke tsakanin dogon dama da na hagu, milimita 1,067 ne. Sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa milimita 1,435 ne, wanda shi ne ma'aunin da ya fi yawa a duniya.

Jirgin wasan da nake magana a kai ba irin na gwangwani da karan dawa ba ne da muka ƙera muna yara. Kwaikwayo ne na jirgin gaske da aka ƙanƙantar bisa lissafi. A Turai da Amurka sana'a ce babba wadda dattawa ke kashe mata kuɗi. Kamfanin Märklin na Jamus ya baje jiragensa masu daidaitaccen faɗin dogo a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891, aka kafa Lionel a Amurka a 1900, aka kuma kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka a 1935, wadda ta tsara ƙa'idojin da suka sa kayan kamfanoni dabam dabam ke dacewa da juna. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira HO, inda ake raba kowane tsawo na jirgin gaske gida 87 a ɗauki ɗaya. Idan kuka raba 1,435 da 87 za ku sami kimanin 16.5, to, milimita 16.5 shi ne faɗin dogon wannan jirgi. Lokacin da nake karatu a Jamus na ziyarci wani gida a Hambug da ake kira Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, inda dogon wasa ya haura kilomita 15 in an haɗa tsawonsa. A nan sha'awar abin ta kama ni.

Yadda wannan jirgi ke tafiya abu ne mai sauƙi. Akwai akwatin sarrafawa da ake jona wa soket, shi ke rage ƙarfin wutar gida ya mai da ita bolt 12. Waya biyu ke fita daga akwatin, ɗaya ta kama dogon dama, ɗaya ta kama na hagu. Ƙafafun jirgin na ƙarfe ne. Na dama su ɗauki wuta daga dogonsu su miƙa wa ɗan injin da ke ciki, wuta ta ratsa injin ta juya shi, sa'an nan ta fita ta ƙafafun hagu ta koma akwati. Saboda haka dogon nan biyu su ne wayoyin jirgin, kuma sharaɗin da komai ya rataya a kansa shi ne kada dama da hagu su taɓa haɗuwa sai ta cikin injin.

Yadda Wuta Ke Tafiya

Duk wanda ya taɓa ganin noman rani ya riga ya fahimci rabin ilmin lantarki. Injin ban ruwa yana tunkuɗo ruwa daga rijiya, ruwan ya bi kwalbati ya zaga fangali bayan fangali. Akwai abu uku a nan. Akwai ƙarfin tunkuɗar injin, akwai yawan ruwan da ke wucewa, akwai kuma ƙuncin hanyar da ke tauye shi. A lantarki zan kira na farko matsi, ana auna shi da bolt. Na biyu kwarara, ana auna ta da amfiya. Na uku turjiya, ana auna ta da om. Sunayen ma'aunan nan na mutane ne: Alessandro Volta na Italiya wanda ya ƙirƙiro batir a 1800, da André-Marie Ampère na Faransa, da Georg Ohm na Jamus wanda a 1827 ya bayyana dangantakar da ke tsakanin ukun. Ƙa'idarsa ita ce a raba matsi da turjiya, abin da ya fito shi ne kwarara.

To, a ce gindin kwalbatin ya ɓalle kusa da bakin rijiya. Ruwa zai bar zagayen fangaloli ya zube ta ɓarakar ya koma rijiya, injin na ta ruri, shuka kuwa na bushewa. Haka wuta ke yi idan ta sami hanyar komawa wadda ba ta da turjiya. Sai dai a lura, wuta ba ta zaɓen hanya guda ta bar sauran, duk hanyar da ke buɗe tana bin ta, amma rabon kowace hanya gwargwadon sauƙinta ne, don haka ɓaraka ke kwashe kusan duka.

Mu sa lissafi. Ɗan injin jirgin nan yana jan kamar rabin amfiya idan yana tafiya. Idan wani ƙarfe ya haɗa dogon dama da na hagu, turjiyar hanyar duka ta zama rabin om, sai mu raba 12 da rabi, mu sami amfiya 24. Watau wutar da ke neman wucewa ta ninka ta da sau 48. Daɗin daɗawa, James Joule na Ingila ya nuna tun wajen 1840 cewa zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kwarara, gaba yake yi da ita. In kwarara ta ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. In ta ninka sau goma, zafi ya ninka sau ɗari. Wannan shi ne asalin narkewar roba da tashin hayaƙi.

Me za mu kira wannan cuta da Hausa? Masu gyara kan ce waya ta haɗu, ko kuwa abu ya yi shot. Haɗuwar waya magana ce mai kyau, amma ba kullum waya ce ke haɗuwa ba, kamar yadda za mu gani. Na so in ce yanke, tun da wanda ya bar babbar hanya ya bi gajeriya yanke ya yi, sai na tuna in aka ce an yanke wuta kowa zai ɗauka rashin biyan kuɗi ne. Don haka na tsaya a kan ratse. Ratsen wuta shi ne wuta ta saki hanyar da aka shata mata ta koma gida ba tare da ta yi aikin da aka aike ta ba. Wajibi ne a bambanta shi da wasu cututtuka biyu masu kama da shi. Akwai tsinkewar hanya, inda waya ta katse ko dogo ya yi datti, wuta ba ta wucewa sam, abin ya mutu amma babu zafi babu ƙauri. Akwai kuma yawan lodi, inda hanya lafiya lau take amma an ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, sai ta yi ta ɗumama sannu a hankali. Ratse shi ne mai zuwa farat ɗaya.

Abin da Ya Faru a Gafasa

Da hunturu ne, bayan an kai amfanin gona gida. Yayana yana da faifan sola da batir da na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, don haka muka shimfiɗa dogo a kan tabarma a zaure, guntaye goma sha shida da suka yi zobe, muka jona akwati. Kan jirgin irin na gawayi ne, yana jan ɗan taragonsa na ruwa da gawayi a baya, sai taragu uku na kaya. Yaran unguwa sun cika zaure. Na murɗa makunni, sai akwati ya yi ƙara ɗis, jar fitilarsa ta kama, jirgi bai ko girgiza ba. Na mayar na sake murɗawa, haka dai.

Akwatin nan yana da mai gadi a cikinsa. Ƙarfinsa bai wuce amfiya ɗaya da 'yan kai ba, kuma da zarar an nemi fiye da haka sai ya katse wuta da kansa. Jar fitilar nan faɗa mana take yi akwai ratse. Amma a lokacin babu wanda ya saurare ta. Ni na fara zargin kamfani, na ce sun sayar mini da mataccen kaya. Yayana kuwa ya ce akwatin ne ragon banza.

"Ka cire shi kawai," in ji shi, "mu ja waya daga batirin sola kai tsaye. Ai shi ma sha biyu ne."

Na ce, "Yaya, bari dai mu ji ta bakin mai gyara."

Aka kirawo wani dattijo mai gyaran rediyo da fitilu a garin. Da ya ji shawarar batir sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, batirin nan ba shi da mai tsawata masa. Wannan akwati da kuke zagi shi ya hana ku ganin hayaƙi tun ɗazu." Gaskiya ya faɗa. Batir irin na mota ko na sola yana iya sakin ɗaruruwan amfiya idan ya sami ratse. Da mun bi waccan shawara, da siraran wayoyin cikin jirgin sun yi ja cikin ƙiftawar ido, ga tabarma a ƙasa, ga iskar hunturu, ga yara kewaye.

Matakan Bincike

Dattijon nan bai taɓa ganin irin wannan jirgi ba, amma bai ɗauki sukudireba ba. Abin da ya yi shi ne tambaya da rarrabewa, kuma daga baya na tarar matakansa su ne dai waɗanda masana wannan sana'a ke bi a ko'ina. Ga su bi da bi.

Na farko, a kashe wuta a lura. Shin akwati katsewa yake yi, ko kuwa shiru ne kawai? Akwai ƙauri? Akwai wurin da ya yi ɗumi? Katsewa da ɗumi alamun ratse ne, shiru alamar tsinkewa ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Kada a yi ta maimaita kunnawa, domin kowace kunnawa ƙarin zafi ce a wurin da ke ciwo.

Na biyu, a raba masu laifi. Ya sa aka kwashe komai daga kan dogo, aka kunna. Jar fitila ba ta kama ba. Da wannan gwaji guda ya wanke akwati da wayoyinsa da dogo duka. Da a ce ta kama, da sai a raba zoben dogon gida biyu a gwada kowane rabi, rabin da ya nuna laifi a sake raba shi biyu. Guntaye goma sha shida gwaji huɗu kacal suke bukata ta wannan hanya, daga 16 zuwa 8, zuwa 4, zuwa 2, zuwa 1. Wanda ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana iya yin gwaji goma sha biyar.

Na uku, a mayar da kaya ɗaya ɗaya. Taragun kaya uku suka hau, lafiya. Aka raba kan jirgi da taragon gawayinsa, aka ɗora kan shi kaɗai, babu jar fitila. Aka ɗora taragon gawayi shi kaɗai, nan take akwati ya katse. Ashe injin da muke ta zargi ba shi da laifin komai, cutar tana cikin abin da ba shi da inji ma.

Na huɗu, a auna. Ya fito da mitarsa ya sa ta a ma'aunin om, bayan an sauke taragon daga dogo, domin ba a auna turjiya a jikin abin da wuta ke ciki. Ya ɗora tsinke ɗaya a ƙafar dama, ɗaya a ta hagu, mita ta nuna kusan sifiri. A lafiyayyen tarago bai kamata wuta ta wuce daga dama zuwa hagu ba ko kaɗan. A kan jirgi mai inji kuwa za a ga 'yan om, goma ko ashirin ko fiye, saboda wayar da aka naɗa cikin injin. A nan akwai tarko. Mita mai ƙara takan yi kuka ko da turjiya ta kai om ashirin ko talatin, sai mutum ya zaci ratse ne alhali lafiyayyen inji yake aunawa. Lambar ake karantawa, ba a dogara da kukan.

Na biyar, a duba da ido a inda awo ya nuna. Taragon yana da ƙafafu takwas, biyu biyu a kan sanduna huɗu na ƙarfe, kowane sanda biyu kuma suna zaune cikin firam guda na ƙarfe. A kowace sanda, ƙafa ɗaya manne take da ƙarfen kai tsaye, ɗayar kuwa an sa mata ɗan zoben baƙar roba a cibiya don ya raba ta da sandar. Ƙa'ida ita ce zobban robar da ke cikin firam guda su kasance a gefe guda. Dattijo ya kifa taragon a tafin hannunsa, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya ƙirga. A firam na baya, zoben sanda ɗaya yana hagu, na ɗayar yana dama. Ga hanyar ratsen nan a fili: wuta ta hau daga dogon dama ta ƙafar da ba ta da roba, ta bi sanda ta shiga firam, ta faɗa sanda ta biyu, ta sauka dogon hagu ta ƙafar da ita ma ba ta da roba. Ya zare sandar da farce, ya juya ta, ya mayar. Aka haɗa jirgi, na murɗa makunni, ya tashi.

Ana cikin sowa sai na ga ɗan wan nawa ya sunkuyar da kai. Da dare ya same ni ya ce, "Baffa, ni ne. Da na buɗe kwalin da safe na ga ƙafar ta faɗo, na mayar da ita kafin ka gani." Girgizar hanya ce ta zare ta, shi kuma tsoron faɗa ya hana shi magana. Da ya faɗa tun da safe, da aikin yini ya zama na minti biyu. Ni ma da na tambaya cikin lumana ko wani ya taɓa kayan, maimakon in hau zagin kamfani, da na ji. Saboda haka mataki na shida, wanda ya kamata ya zama na farko, shi ne a tambayi abin da aka taɓa ko aka sauya kafin cuta ta bayyana, a kuma yi tambayar ta yadda mai amsa ba zai ji tsoro ba.

Sauran Wuraren da Laifi Kan Ɓuya

Namu ya zo da sauƙi domin ratsen a tsaye yake, ko'ina aka ɗora taragon sai ya nuna. Mai wahala shi ne wanda ke zuwa yana tafiya. Idan jirgi na katse wuta a mararraba kaɗai, inda dogo ke rabuwa biyu, to, a duba tazarar ƙafafunsa. A irin wannan wuri dogon dama da na hagu suna matsowa kusa da juna ƙwarai, kuma ƙafar da ta yi faɗi ko ta goce daga mazauninta tana iya taka su biyun lokaci guda. Idan a kan kwana yake yi, a duba ko ƙafa na gogar wani ƙarfe na jikin jirgin sa'ad da firam ya juya. Dabara ita ce a tafiyar da shi a hankali cikin duhu, tartsatsi zai nuna wurin. Idan kuwa an shimfiɗa dogo ya zaga ya dawo ya shiga kansa ta yadda jirgi zai juyo da fuskarsa, to, dogon dama ya zama na hagu ke nan, ratsen yana cikin tsarin shimfiɗar, kuma sai an datse dogon da roba an yi masa wayoyi na musamman.

Buɗe cikin kan jirgi shi ne na ƙarshe, musamman sabo, domin mai sayarwa yana iya ƙin karɓar abin da aka kwance. In ya zama tilas, abin dubawa shi ne wayar da murfi ya datse har robarta ta fashe, da siraran tagullar da ke shafar ƙafafu ko ɗaya ta lanƙwashe ta taɓa firam, da ɗigon dalma da ya haɗa wuri biyu, da kuma ɗan ƙusa ko garin ƙarfe da maganaɗisun inji ya zuƙo. A gyara abu ɗaya a gwada, sa'an nan a taɓa na gaba. Wanda ya sauya abu uku a lokaci guda, ko jirgi ya tashi bai san abin da ya warkar da shi ba.

Akwai wani tsari na zamani, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro aka kuma mai da shi ƙa'ida a shekarun 1990, inda ake sa ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki cikin kowane kan jirgi don a sarrafa jirage da yawa a dogo guda. A wannan tsari wuta ba ta barin dogo, matsinta ya kai bolt 14 zuwa 16, kuma akwatin na iya ba da amfiya biyar. Ratse a nan ya fi ɓarna, yana iya narkar da firam na roba ko ya ƙone ƙwaƙwalwar, musamman idan wayar inji ta taɓa wayar ƙafa. Shi ya sa ake fara gwada sabon kan jirgi a wani guntun dogo na daban mai ƙarancin wuta. Akwai kuma wata dabara mai arha: a sa ƙwan fitilar mota mai wat 21 a kan ɗaya daga wayoyin da ke zuwa dogo. In lafiya, ƙwan ba ya haske. In ratse ya auku sai ya kama, ya kuma tsare kwarara a ƙasa da amfiya biyu, tun da 21 a raba da 12 bai wuce 1.75 ba.

Ratsen da Ake Yi da Gangan

Wani zai tambaya, jirgin gaske fa, ai ƙafafunsa da sandunansu ƙarfe ne zalla babu zoben roba. Haka ne, domin shi ba ya karɓar wutar tafiyarsa daga dogo biyu kamar na wasa. Kan jirgi mai dizal yana ɗauke da janaretansa a ciki, mai lantarki kuwa yakan sha daga waya a sama. Abin sha'awa shi ne injiniyoyi sun mai da wannan ƙarfe zalla abin amfani. A 1872 wani Ba'amurke, William Robinson, ya fito da dabarar raba layi kashi kashi, a sa batir a bakin kowane kashi, a sa na'urar sigina a ɗaya bakin. Muddin babu jirgi, wuta na bin dogo ta isa na'urar, sigina ya ba da hanya. Da jirgi ya shigo sai sandunan ƙafafunsa su haɗa dogo biyu, wuta ta ratse ta cikinsu, na'urar ta rasa wuta, sigina ya koma ja. In dogo ya karye ko batir ya mutu, nan ma ja zai nuna. Watau an tsara abin ta yadda duk lalacewar da ta zo, tsayar da jirgi za ta yi. Abin da ya hana jirginmu tashi a Gafasa shi ne ke hana manyan jirage karo a ƙasashe da yawa.

Daga Zaure Zuwa Gida da Kasuwa da Ofis

Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Butar lantarki mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, kuma fis ɗin da ke cikin filogi mai baki uku ba ya wuce amfiya 13. Idan ɓera ya ci roba ko ƙusa ta huda waya, turjiya ta koma om ɗaya, abin da zai nemi wucewa amfiya 230 ne. Fis siririyar waya ce da aka yi domin ta narke kafin wayar bango ta yi zafi. Wanda fis ɗinsa ya ƙone ya naɗa masa jan ƙarfe mai kauri ko takardar sigari mai ƙyalli, shawarar yayana ya bi, ya kori mai gadi ya bar ɓarawo a ɗaka. Wanda ya ga abin da gobara ta yi wa kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ya san abin da wuta ke iya yi wa dukiyar shekaru cikin dare guda, kuma ma'aikatan kashe gobara sun sha ambaton lantarki cikin manyan musabbaban gobara a garuruwanmu. Haka nan sola da ta shiga ƙauyuka, ya kamata kowane batir a sa masa fis dab da bakinsa.

Sai dai in ja kunne. Bolt 12 na jirgin wasa ana taɓa shi da hannu, 230 kuwa kisa yake yi, kuma fis ba ya kare mutum daga jan wuta, waya yake karewa. Abin da mai gida zai iya yi shi ne ya zare kayan wuta duka daga soket, ya mayar da makunnin da ya faɗi, sa'an nan ya jona su ɗaya ɗaya har mai laifi ya bayyana. In ya sake faɗuwa alhali babu abin da ke jone, cutar tana cikin bango, sai a kashe babban makunni a kira ƙwararre.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, roƙona biyu ne. Sabon kaya a gwada shi ranar da ya iso, kafin a sa hannu a takardar karɓa, domin sabunta ba ta hana ƙafa zarewa a hanya. Wanda ya lalace kuma, kada a rubuta masa takardar mutuwa sai wani ya zauna ya rarrabe ya auna, kuma a bar masinja ko akawun da ya taɓa shi ya faɗi gaskiya ba tare da fargabar a yanke masa albashi ba.

Kammalawa

Tarihin baka ya ce maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka zo gindin Dala neman tama, suka kafa zaman da ya zama Kano. Ƙasar da ta haifi waɗannan ba baƙuwar ƙarfe ba ce, kuma dattijon da ya ƙirga zobban roba a bakin ƙofar zaure gadonsu ya ci. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse, kuma irin wannan layi yana bukatar dubban hannaye masu haƙurin tambaya da awo. Ɗan wana yanzu shi ke riƙe da mita a gidan, kuma an sa wa batirin solar fis. Bahaushe ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.